Lagdo ko Maga: wane bakin ruwa ya fi dacewa da mai son miƙe ƙafa idan hanya ta rufe?

Ranar 18 ga Maris 2020 ta same ni a Lagdo da kwali goma sha ɗaya na banda, na riga na biya kuɗinsu, mota kawai nake jira. Kwana ɗaya kafin nan Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanto matakan gwamnati kan annobar korona: an rufe iyakokin Kamaru ta sama da ta ƙasa da ta ruwa, an rufe makarantu, an hana taron da ya haura mutum 50, an ce kada a bar gari zuwa gari sai da larura mai ƙarfi, an kuma hana direbobi da 'yan kilando, wato masu babur na haya, yin lodi fiye da ƙima. Dama tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe nata ɓangaren, kifinmu na Yola da Mubi da ƙyar yake wucewa. Mai masaukina ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka zauna. Ɗaki na nan, tuwo na nan. Kifin kuwa sai mu riƙa ƙara masa hayaƙi."

Mako shida na yi. Kwana ukun farko a kan tabarma na yi su, kunne a rediyo, ina lissafin asara. A rana ta huɗu ƙeyata ta fara sara, irin saran da na sani, domin shekara biyu kafin nan wani likita a Garwa ya auna ni ya ce hawan jini ne. Ya rubuta magani, ya ƙara da cewa in riƙa taka ƙasa da ƙafata ko da rabin awa ce kullum. Maganin na sha, tafiyar ce ban taɓa yi ba, don ɗan kasuwar da rabin rayuwarsa a kujerar mota take ba ya ganin lokacin yawo. To ga lokaci ya biyo ni har ɗaki. Washegari bayan sallar asuba na sa takalmi na nufi bakin ruwa.

A ƙarshen shekarar, iyaka na nan a rufe, na mayar da cinikina kasuwar Marwa, na tare a gidan kawuna a Maga daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Can ma ban bar tafiyar ba. Tun daga lokacin 'yan'uwa a unguwar Hausare da abokan ciniki ke tambayata: idan hanya ta sake rufewa, ko tafiya mai nisa ta gagara, ina ya kamata mutum ya je ya sha iska? Tambayar ba ta tsufa ba, domin a yankinmu ba sai da annoba hanya ke rufewa ba. Ruwa na cin gada, hukuma na hana babura saboda tsaro, wani lokacin aljihu ne kawai ke tsare mutum. Abin da nake ce musu a taƙaice shi ne: mai kwana ɗaya ko biyu, mai ƙarfin gwiwa, ya tafi Lagdo. Wanda zai zauna ya mayar da tafiya abincin kullum, da dattijo, da mai ciwon gwiwa, Maga ta fi musu. Sai dai a ƙarƙashin wannan taƙaitawar akwai magana.

Ruwan biyu suna ɗaya kawai suka haɗa, wato tafkin da hannun mutum ya yi. Lagdo madatsa ce ta gaske, wadda a nan muke ce wa baraj. An toshe kogin Binuwai a wani matsi tsakanin duwatsu biyu, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa idan aka miƙe, a mota kuwa sai an bi ta Ngong, tafiyar ta ɗan ƙaru. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka gina ta tare da ma'aikatan Kamaru daga 1977 zuwa 1982, a zamanin shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Tsawon bangon mita 308 ne kacal, tsayinsa mita 40, amma ruwan da ya tare ya mamaye kusan murabba'in kilomita 600. Injina huɗu ne a ciki, suna ba da megawat 72, kuma shekara da shekaru da su Garwa da Marwa da Ngaundare suka dogara wajen wuta.

Maga kuwa jinga ce, tulin ƙasa mai tsawon kilomita 27 da aka ja a fili daga Girbidik zuwa Pus a 1979, don kamfanin shinkafa na SEMRY ya sami ruwan noman rani. Mutanen wurin dig suke ce mata. Tana tare ruwan kogunan Mayo Canaga da Mayo Bula masu gangarowa daga yamma, ana kuma jawo mata wani daga kogin Logon. Tafkin faffaɗa ne amma ba shi da zurfi; ruwan da Lagdo ke iya riƙewa ya ninka nasa fiye da sau goma. Daga Marwa kimanin kilomita 80 ne, ta Bogo.

Wannan bambancin gini shi ne tushen duk abin da ƙafarka za ta tarar. A Lagdo babu hanya guda da za a ce ita ce ta masu tafiya. Gari a jikin duwatsu yake, turbobi na hawa suna sauka, wani wurin tsakuwa, wani wurin rairayi, wani wurin falalen dutse mai santsi. Ni hanyoyi uku na riƙa juyawa. Akwai ta gangarawa Jipporde, inda jiragen masunta ke tsayawa, wadda ta fi sauƙi kuma ba ta rabuwa da mutane. Akwai ta hawa dutsen bayan gari, gajeriya amma mai sa haki. Akwai kuma doguwar ta ɓangaren Gunugu, ƙasa da madatsar, inda ake noman shinkafa da ruwan da aka tare. Kowace safiya kana da zaɓi, kuma ko awa ɗaya ce da kai za ka iya yin zagaye ka dawo ta wata hanya dabam.

Ranar da na fara hawa dutsen sau huɗu na tsaya. Ɗan mai masaukina, yaro ɗan shekara goma sha biyu, shi ya yi mini jagora, yana gaba da silifas yana waiwaye yana cewa, "Baba, a hankali, saura kaɗan." Da muka kai sama na zauna a kan wani dutse da sanyin dare bai gama barinsa ba. Ruwa ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare, tsibirai baƙaƙe sun tsattsaya a cikinsa, waɗanda a da kawunan duwatsu ne kafin ruwa ya haɗiye gindinsu. Jiragen da suka kwana a kan ruwa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Yaron ya nuna mini wani tsibiri ya ce can ne ake zuwa kallon agwada, dabbar nan mai kama da zomo marar dogon kunne da ke zama a kogon dutse. Mako guda ina jin kamar an kulle ni a ɗaki, a wannan safiyar ƙirjina ya buɗe. Maga ba ta da irin wannan kallon, kuma ba za ta taɓa samu ba, domin babu tudun da za ka hau a can sai jingar kanta.

Amma abin da dutse ya ba ido, a gwiwa yake karɓa. Saukowa ta fi hawa wuya, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi, kuma mai nauyin jiki zai ji a jikinsa kwana biyu. Likita tafiya mai ɗorewa ya ce in yi, wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma ina iya magana. A Lagdo hakan na da wuya: ko dai kana haki a hawa, ko kana taka-tsantsan a sauka, ko ka tsaya gaisawa a bakin ruwa.

A Maga ne na gane abin da likitan ke nufi. Ka hau jingar ka fuskanci gabas, tafki na hannun damanka, gonakin shinkafa na hagu, gabanka kuwa hanya ce miƙaƙƙiya, ba hawa ba gangara. Ƙafa na samun kiɗanta. Bayan kwata ɗin awa sai ka daina tunanin taku, kana tafe kana tasbihi ko kana warware lissafin da ya dame ka. Kawuna, wanda ya haura saba'in, yana bina rabin hanya da sandarsa, ya zauna a bakin wata ƙofar ruwa ya jira dawowata. Auna ci gaba ma da sauƙi: yau ka kai wancan bakin magudanar, jibi ka wuce shi. A wata na biyu na lura hawa babur da sauka ba sa sa ni nishi kamar da, kuma da na je awo an ga jinin ya sauka.

Aibin jingar ɗaya ne, babba kuma: inuwa. A kan ta akwai dogayen wurare da ba bishiya ko ɗaya, rana na dukanka daga sama, ruwa na mayar maka da haskenta daga gefe. A Lagdo ko zafi ya kama ka za ka sami gindin dutse ko darbejiya ko tsamiya ka fake. Saboda haka a Maga lokaci ba abin wasa ba ne. Fita da zarar gari ya yi haske, ka kasance a gida kafin ƙarfe tara. Kuma ka fara da gabas. Ranar da ke fitowa a fuskarka da sassafe ba ta da zafi, idan ka juyo kuma ta koma bayanka. Wanda ya fara nufar yamma, wajen Girbidik, zai dawo yana kallon rana tsakar idonta a lokacin da ta fara cizo. Na gwada sau ɗaya, ban ƙara ba.

Lokacin shekara ma yana sauya hukuncin. Zamana na Lagdo a tsakiyar bazara ya faɗo, Maris da Afrilu, lokacin da zafi a kwarin Binuwai ke wuce digiri 40, makon ƙarshe kuma ya shiga azumi. Na ci gaba da fita, amma daga sallar asuba zuwa fitowar rana kawai, kuma na bar hawan dutse gaba ɗaya. A irin wannan lokacin ruwa ya ja baya sosai, ya bar faffaɗan gaɓa mai taurin da za ka taka, har wasu na shuka a inda ya janye. Ganin wannan ja da bayan ne ya sa ban yi mamaki ba da aka shiga rabon wuta mai tsanani a Garwa a 2021 saboda ƙarancin ruwa a madatsar. Idan dole a bazara za ka yi tafiyarka, Lagdo ta fi, saboda mafaka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa Maga ba ta da na biyu: tafki a cike, iskar hunturu na busowa daga ɓangaren gonaki, sanyin safe har sai ka naɗa rawani ka rufe kunne. A Lagdo hunturu na da nasa daɗin a jiki, sai dai hazo na iya rufe tsibiran duka, ka sha wahalar hawa ka tarar da farin bango.

Damina kuwa ba na ba kowa shawarar ko ɗaya daga cikin biyun. A Maga baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal tana kama takalmi ta riƙe, sauro kamar a bakin ƙwarya, igiyar ruwa na cin jikin jingar. A 2012 ruwa ya kusa fin ƙarfinta, aka kwashe mutane, har shugaba Paul Biya ya je Girbidik a watan Satumba, daga baya aka yi mata babban gyara da kuɗin Bankin Duniya. A Lagdo haɗarin a ƙasan madatsa yake. Idan tafki ya cika ana buɗe ƙofofi, kamar yadda aka yi a 2012 da kuma Satumban 2022, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna tun daga nan har Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi a Najeriya. Daga Agusta zuwa Oktoba kada ka bi gaɓar kogi ta ɓangaren Gunugu sai ka tambayi mutanen wurin. Ga shi kuma daga Yuli zuwa Satumba ana hana kamun kifi a tafkunan biyu don kifi ya hayayyafa, bakin ruwa ya yi tsit, rabin abin kallon ya tafi.

Abin kallo a Maga tsuntsaye ne. Ban san ina son tsuntsu ba sai da na zauna can. Kirinjijiya garke-garke suna tashi da fito, dinya, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, balbela a bayan shanu, wani lokacin gauraka biyu a cikin karan shinkafa. Idan shinkafa ta fara nuna, jan baki na zuwa kamar hayaƙi, yara na kan rumfuna suna kaɗa gwangwani suna ihu tun asuba. Yankin Waza na arewa da nan, fadamun da ke tsakani su ne gidan waɗannan tsuntsayen. A nan akwai abin da ke taɓa zuciyata duk lokacin da na tsaya a kan jingar: ruwan da take riƙewa a dama, a da can arewa yake malala ya jiƙa fadamun da ake kira yayre, inda makiyaya ke kai shanu da rani, masunta Kotoko da Musgum kuma ke kamun kifi. Da aka tare shi, ga fari ya biyo baya, ciyawa ta mutu, mutane da yawa suka watse, sai a 1994 aka buɗe wani rafi don mayar wa fadamar wani ɓangare na ruwanta. Lagdo ma haka ta yi wa masu dashen masakwa a kwarin Binuwai, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ce ke jiƙa musu ƙasa. Da yawa daga masuntan da nake sayen kifi a hannunsu a Lagdo 'yan asalin Logon ne, rashin ruwa ya kore su daga can, ruwa kuma ya tara su a nan. Idan ka zauna da tsofaffinsu za ka ji wannan labarin daga bakin mai shi.

Haɗari kuma kowanne da nasa. Dorina na cikin tafkunan biyu, amma a Maga ta fi kusa da mai tafiya, domin da dare takan fito ta haura ta shiga gonaki. Wata safiya kawu ya tsayar da ni da sandarsa, ya nuna mini wasu ramuka a lakar gefen jingar, kowanne kamar an danna ƙwarya, da yatsu huɗu a gaba. Ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Na daren jiya ne. Ta hau ta ci ta koma. In ka taɓa tarar da ita a tudu, kada ka shiga tsakaninta da ruwa, nan ne hanyarta ta gida. In da ɗa a gefenta kuwa, ko kallo kada ka tsaya yi." Shi ya sa na ce a jira gari ya yi haske, kada a fita da duhun asuba kamar yadda nake yi a cikin garin Lagdo. Jikinta ne mai nauyi, amma a ɗan gajeren gudu ta fi mutum.

A Lagdo abin tsoron ƙarami ne, ba ya kai kamu biyu. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ta yi yawa a kwarin Binuwai, launinta launin tsakuwa, tana kwanciya a gindin dutse da cikin busasshiyar ciyawa. Dafinta na hana jini daskarewa. Sa takalmi mai rufi da dogon wando, kada ka cusa hannu a tsagar dutse don neman abin dafawa, kuma in tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a ɗaure, a nufi asibiti inda ake da allurar dafin maciji ko da mutum na jin garau. Yaran wurin na hawa da silifas saboda sun san inda suke taka ƙafa, baƙo bai sani ba.

Abin da ya haɗa su biyun, wanda kuma mutane suka fi rainawa, shi ne tsargiya. Ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa marar gudu, a bakin tafki da magudanan shinkafa, su ke sakin ƙwayar cutar, ta shiga ta fata ba tare da ka ji komai ba, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari. Bayan tafiyar awa biyu a zafi babu abin da rai ke so kamar tsoma ƙafa a ruwa, yara kuwa kafin ka juya sun faɗa. Ka hana kanka, ka hana su. Ni da butata nake fita, ruwan sha dabam, na alwala dabam. Ruwan tafkin da aka ɗiba aka ajiye kwana biyu ana iya wanka da shi. Wanda ya riga ya shiga, maganin na asibiti, shi ne ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta. A Maga jarabar ta fi yawa, domin magudanai na bin ka duk inda ka yi.

Sai batun hukuma. Madatsar Lagdo wuri ne da ake tsaro, don wutar yankuna uku na rataye da ita. A makona na farko na ɗaga waya zan ɗauki hoton bangon, wani mai tsaro ya yafito ni, ya gaishe ni da ladabi, ya nemi katin shaida, ya ce in goge hoton. Gaskiyarsa ce, ni ne ban tambaya ba. Ka riƙe katinka a aljihu kullum, kada ka ɗauki hoton ginin ko injina sai da izini, kuma a lokacin doka ka bi dokar. A lokacin annobar, daga 13 ga Afrilun 2020, an hana fita sai da takunkumi, kashne kamar yadda muke cewa, ko da kai kaɗai ne a turba jandarma na iya tambayarka. A Maga jingar hanyar kowa ce, masu keke, masu babur, mata da itace a ka, ba wanda zai tsayar da kai. Amma yankin Arewa Mai Nisa ne, shingayen bincike sun fi yawa a hanyar zuwa, dokar babura da ta fitar dare na iya sauyawa, kuma baƙon da ke yawo shi kaɗai kullum ba tare da an san shi ba yana jawo zargi. Ranar da na isa kawu ya kai ni na gaida jauron unguwa. Bayan nan ko'ina na bi, "Jam na, Alhaji?" kawai nake ji. Fulatanci kaɗan na buɗe ƙofa a wuraren biyu, Hausa kuma za ka same ta a bakin kowane ruwa da ake cinikin kifi.

Wasu kan ce, ina Mokolo? Tafkinta ƙarami ne, na ruwan sha, a cikin duwatsun Mandara, kewaye da gonakin Mafa masu hawa-hawa da aka jera da dutse, iska kuma ta fi ta Marwa sanyi. Ga ɗan Mokolo babu abin da ya fi shi, ƙafarsa za ta kai shi ta dawo da shi. Amma ba na tura baƙo can don yawo kawai, saboda ƙauyukan gundumar Mayo Canaga na bakin iyaka sun sha hare-hare tun 2014, kuma sanin inda ake tsayawa sai ɗan gari.

Ga mai iyali, zan raba maganar biyu. Idan yara ne matasa da zaman gida ya ishe su, Lagdo za ta cika musu ido: dutse, jirage, kasuwar kifi, giwan ruwa da wani lokaci sai mutum biyu sun ɗauka, karfasa a kan wuta da yaji a gefe. Kwana ɗaya ya isa, daga Garwa ana zuwa a dawo a yini. Idan kuwa iyaye mata ne ko tsofaffi, jingar Maga ta fi. Matar kawu da maƙwabtanta biyu sukan fita bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, da mayafansu, su yi 'yar tafiya suna hira su dawo kafin magariba, ba wanda ke ɗaga kai ya dube su, domin mata na bin hanyar tun safe zuwa gona. A turbobin duwatsun Lagdo mace ita kaɗai ba za ta sake haka ba, wurin ya fi kaɗaici. Mai ciwon suga ko hawan jini irina, da mai farfaɗowa daga jinya, su ma fili ne nasu.

Nisa ma hukunci ne, watakila ya fi duk abin da na lissafa. A lokacin da aka ce kada a bar gari sai da larura, ɗan Garwa ba shi da hujjar ketare shingaye har Maga, ɗan Marwa ma ba shi da ta zuwa Lagdo. Zaɓin na gaskiya na wanda ke da 'yan'uwa ko masauki a wuraren ne, zai je ya zauna, ko na lokacin da doka ta yi sauƙi a cikin gida amma iyaka na rufe, kamar yadda muka zauna wata da watanni bayan 30 ga Afrilun 2020. Idan ni aka ba zaɓin mako guda, in ce Lagdo, in sake hawa dutsen nan in zauna. Idan wata uku ne, ko shawara ba zan yi ba, Maga zan koma, a watan Disamba.

Tafiya mafi tsawo da na yi a can ita ce ta Pus, kimanin kilomita 12 daga Maga, ranar wata Talata, ranar kasuwarsu. Na fita ƙarfe shida da jikan kawu, da buta biyu da dabino a aljihu. Hanyar ta cika da masu zuwa kasuwa, kekuna ɗauke da buhunan shanshera, wata tsohuwa da kaji a kwando ta yi ta tafiya daidai da mu kusan awa guda ba ta ce uffan ba sai amsa gaisuwa. Wajen ƙarfe tara muka isa. Yaron ya so mu ƙarasa Murla ya nuna mini ɗakunan Musgum na laka masu tsini da suke kira tolek, na ce sai wani jiƙon, ƙafata ta yi nauyi. Muka gangara bakin Logon muka zauna. Ga Katowa can a ƙetare, ƙasar Cadi, kusa har kana ganin mata na wanki, ina da abokan ciniki a can da na yi kusan shekara ban sa su a ido ba, kuma a hukumance iyaka a rufe take. Na kira ɗaya daga cikinsu a waya na ce ya fito bakin ruwa. Ya fito da farar riga, ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa, muka gaisa muka tambayi iyali ta waya muna kallon juna. Daga nan muka shiga kasuwa muka ci soyayyen kifi, muka nemi ɗan kilando ya mayar da mu Maga, don rana ta riga ta take.